Daga ina enzayim yake samo saurinsa, kuma me ya sa yake lalacewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An koya mana cewa enzayim yana hanzarta sauyin sinadarai a cikin jiki, amma shi kansa ba ya ƙarewa kuma ba ya canzawa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, idan ba ya ba da komai daga jikinsa, daga ina saurin yake fitowa? Kuma idan har ba ya ƙarewa, me ya sa ake cewa zafi yana lalata shi, har jiki yake ta ƙera sababbi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tambayarki ta ƙunshi abubuwa biyu. Na farko shi ne asalin saurin, wato ta yaya abin da bai ƙara wa sauyi makamashi ba zai sa gudunsa ya ninka sau dubbai ko miliyoyi. Na biyu kuma shi ne abin da ya yi kama da tufka da warwara, a ce abu ba ya ƙarewa sannan a dawo a ce yana lalacewa. Amsoshin biyu suna komawa ne ga siffar da enzayim yake da ita, amma kafin mu kai can dole mu fahimci dalilin da ya sa sauyin sinadarai yake jinkiri tun asali.

Me ke hana sauyi faruwa da kansa?

Sukari yana iya haɗuwa da iskar oksijin ya rikiɗa ya zama ruwa da iskar kabon dayoksaid, ya kuma saki makamashi mai yawa. Duk da haka sukari zai shekara a cikin gwangwani, iska tana kewaye da shi, ba tare da ya canza ba, sai idan an kai shi ga wuta. Jikinki kuwa yana yin wannan aikin dare da rana a zafin digiri 37 kacal. Dalilin jinkirin shi ne, kafin a ƙulla sabuwar alaƙa tsakanin ƙwayoyin zarra dole tsohuwar ta fara miƙewa tana neman tsinkewa, kuma a wannan ɗan lokacin ƙwayar sinadarin tana cikin wata siffa mai matsi wadda ba ta tsohon abu ba ce, ba kuma ta sabo ba. Wannan ita ce siffar tsakiya, kuma kaiwa gare ta yana buƙatar makamashi, wanda ake kira makamashin farawa. Lamarin kamar dutse ne da ke bayan tudu: ko da kwarin da ke gaba ya fi inda yake zurfi, ba zai gangara can ba sai ya fara hawa tudun.

Ƙwayoyin sinadarai kullum cikin motsi suke suna karo da juna, amma a zafin jiki kaɗan ne ƙwarai suke samun ƙarfin da zai kai su siffar tsakiya. Hanyoyi biyu ne na ƙara yawansu: ko dai a ƙara zafi, ko a rage yawan makamashin da ake buƙata. Hanya ta farko ba ta dace da mai rai ba, domin zafin da zai ƙona sukari zai dafa naman jiki, kuma zafi ba ya zaɓe, yana hanzarta sauyi mai amfani da mai cutarwa baki ɗaya. Enzayim yana bin hanya ta biyu, kuma yana yi wa sauyi guda ɗaya ne ko 'yan kaɗan masu kama da juna.

A nan akwai lissafin da na ga yana buɗe wa ɗalibai ido fiye da kowane zane. A zafin jiki, duk lokacin da aka rage makamashin farawa da kimanin kilojul 6 a kowane mol (kilojul ma'aunin makamashi ne, mol kuma ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), gudun sauyin yana ninkuwa sau 10. Idan aka rage 12 ya ninku sau 100, idan aka rage kusan 36 ya ninku sau miliyan. Wato ragi ƙanƙane yana haifar da sauri mai girman gaske. Misali mafi ban mamaki da aka auna shi ne wanda Richard Wolfenden da abokiyar aikinsa suka wallafa a Amurka a 1995, game da wani mataki na haɗa tubalan ƙwayoyin gado. Sun ƙiyasta cewa in babu enzayim sai an yi shekara miliyan 78 kafin rabin sinadarin ya sauya, amma da enzayim aikin yana kammala cikin ƙasa da kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa.

Sai dai ki riƙe wannan da kyau, domin nan ne ake yawan faɗuwa a jarrabawa. Enzayim ba ya canza mafarin sauyi ko ƙarshensa. Yawan makamashin da sukari zai saki ɗaya ne ko a wuta ko a jiki, kuma sauyin da ba zai yiwu ba tun asali enzayim ba zai mayar da shi mai yiwuwa ba. Yana hanzarta tafiya da dawowa daidai wa daida. Enzayim mai suna kabonik anhaidirez da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ne shaida: a cikin tsoka, inda kabon dayoksaid ya yi yawa, yana mayar da shi baikabonet, sinadarin da yake narkewa cikin jini, a huhu kuma, inda iskar take fita, shi ɗin dai ne yake mayar da baikabonet iska. Yana iya sarrafa ƙwayoyi kusan miliyan a daƙiƙa guda, amma alkiblar sauyin yawan sinadaran da ke wurin ne yake tsara ta.

Gurbin aiki da abin da ke faruwa a cikinsa

Mafi yawan enzayimomi furotin ne. An daɗe ana jayayya a kan haka har sai da James Sumner ya tace enzayim mai suna yuriyez daga wani nau'in wake a 1926 ya nuna furotin ne tsantsa, aikin da ya sa ya samu lambar Nobel a 1946. Na ce mafi yawa ne domin a farkon shekarun 1980 Thomas Cech da Sidney Altman sun gano cewa wasu ƙwayoyin RNA, wato dangin sinadarin gado na DNA, su ma suna yin wannan aiki. Furotin dogon zare ne na amino asid iri 20, wanda yake naɗewa ya ɗauki siffa ta musamman. A jikin wannan naɗi akwai ɗan rami ko tsagi, shi ne gurbin aiki, inda abin sarrafawa, wato sinadarin da enzayim zai sauya, yake shiga. Laisozayim na farin ƙwai, wanda shi ne enzayim na farko da aka ga cikakkiyar siffarsa a 1965, yana da amino asid 129, amma 'yan kaɗan daga cikinsu ne suke taɓa abin sarrafawa. Sauran aikinsu shi ne riƙe waɗannan kaɗan ɗin a daidai wurin da ya kamata.

A 1894 Emil Fischer na Jamus ya kwatanta enzayim da abin sarrafawarsa da kwaɗo da makulli, kuma har yau da wannan ake fara koyarwa domin yana bayyana dalilin da ya sa amilez, enzayim ɗin da ke cikin yawu, yake narkar da sitaci amma ba ya taɓa nama. Amma a ganina wannan kwatancen shi ne tushen ruɗanin da kika shiga, domin yana bayyana zaɓe ne kawai, ba ya bayyana sauri. Idan gurbin ya dace da abin sarrafawa ɗari bisa ɗari, to abin zai shiga ya zauna daram, kuma zaman da ya yi zai ƙara masa wahalar sauyawa. Linus Pauling ne ya nuna mafita a shekarun 1940, inda ya ce gurbin enzayim ya fi dacewa da siffar tsakiya fiye da siffar farko. Daga baya, a 1958, Daniel Koshland ya ƙara da cewa enzayim ɗin ma yana motsawa ya rufe a kan abin da ya kama, kamar yadda aka tabbatar da hekzokinez, wanda yake rufewa a kan gulukos.

To ga amsar tambayarki ta farko. Lokacin da abin sarrafawa ya shiga gurbi, ana ƙulla ƙananan alaƙoƙi masu rauni tsakaninsa da bangon gurbin, kuma ƙulla kowace alaƙa yana sakin ɗan makamashi. Waɗannan alaƙoƙi suna cika ne su yi ƙarfi a daidai lokacin da abin ya kai siffar tsakiya. Makamashin da suka saki shi ne yake biyan wani kaso na kuɗin hawa tudun. Idan kika tuna cewa kilojul 6 yana ba da ninki 10, za ki ga cewa 'yan alaƙoƙi kaɗan sun isa su ba da ninki dubbai. Da sauyin ya kammala, sabon abin da aka samu ba ya dacewa da gurbin sosai, sai ya fita, gurbin ya koma yadda yake. Enzayim bai yi asarar komai ba, domin riƙo ya yi ya saki.

Ban da wannan akwai wasu dabaru da suke tafiya tare. Idan sauyin ya shafi abubuwa biyu, enzayim yana kawo su kusa ya juya su su fuskanci juna ta gefen da ya dace, maimakon a jira su yi karo bisa sa'a a cikin ruwa. Wasu amino asid na gurbin suna ba da ƙwayar haidirojin ko su karɓa a daidai lokacin da ake bukata. Wasu enzayimomi suna da ƙarfe a gurbinsu, kamar zinki a kabonik anhaidirez da ayon a katalez, wasu kuma suna buƙatar mataimaka waɗanda jiki yake haɗawa daga bitamin rukunin B, shi ya sa ƙarancin bitamin ɗin da ake buƙata 'yan miligiram kaɗan yake iya kwantar da mutum. Akwai kuma waɗanda suke ƙulla alaƙa mai ƙarfi ta wucin gadi. Tirifsin, wanda yake yanka furotin a ƙaramin hanji, yana amfani da wani amino asid mai suna serin ya yanke zaren, rabi ya tafi, rabi ya rage manne da shi, sai ruwa ya zo ya raba su. Saboda haka cewa enzayim "ba ya canzawa" taƙaitawa ce. Yana canzawa a tsakiyar aiki, amma yana komawa yadda yake a ƙarshen kowane zagaye.

A ɗakin gwaji nakan sa ɗalibai su zuba ruwan haidirojin faroksaid, irin wanda ake wanke ciwo da shi, a kan ɗanyar hanta. Nan take kumfa take tashi, domin katalez, enzayim ɗin da ke cikin hantar, yana farfasa miliyoyin ƙwayoyin faroksaid a daƙiƙa yana sakin oksijin. Idan kumfar ta lafa sai na ce su ƙara ruwan a kan wannan hantar, sai ta sake tashi, wanda ke nuna ruwan ne ya ƙare, enzayim yana nan. Akwai kuma iyaka: idan aka yi ta ƙara yawan abin sarrafawa, gudun aiki yana ƙaruwa har ya kai inda duk gurabe sun cika, daga nan ƙari ba ya ƙara komai. Wannan ne Leonor Michaelis da Maud Menten suka tsara da lissafi a Balin a 1913.

Me ya sa yake lalacewa?

Idan kuma aka dafa hantar kafin a zuba mata ruwan, ba za a ga kumfa ba. Wannan ya kawo mu tambayarki ta biyu. Abin da ake nufi da "ba ya ƙarewa" shi ne sauyin da yake hanzartawa ba ya cinye shi. Ba a ce ba abin da zai iya ɓata shi. Naɗin furotin yana tsaye ne a kan irin waɗannan alaƙoƙi masu rauni, kuma zafi mai yawa yana girgiza zaren har ya warware. Amino asid ɗin suna nan ba su je ko'ina ba, amma gurbin ya rushe, kuma sau da yawa zaren da ya warware yana cuɗewa da makwabtansa ta yadda ba zai koma ba, kamar yadda dafaffen farin ƙwai ba ya komawa ruwa. Sanyi daban yake, yana rage gudun aiki ne kawai, shi ya sa ake adana samfurin jini da magunguna a firji.

Masu dama kunun zaƙi suna aiki da wannan ilimin ko da ba su ba shi suna ba. Tsiron hatsi da ɗanyen dankalin Hausa suna ɗauke da amilez, wanda yake yanka sitaci ya zama sukari, shi ya sa kunun yake tsinkewa ya yi zaƙi bayan an haɗa. Ana so gasarar ta dahu domin dafaffen sitaci ya fi sauƙin yankawa, amma idan aka tafasa tsiron tare da ita aikin ya ɓaci. Daga tsiron sha'ir ne ma Anselme Payen da Jean-François Persoz suka fara ware enzayim a Faransa a 1833.

Kowane enzayim yana da yanayin da ya dace da shi. Fefsin na ciki yana aiki a tsami mai ƙarfi, wajen 2 a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba take nufin tsami mai yawa, tirifsin kuma ya fi so wajen 8, amilez na yawu yana so kusa da 7, kuma yana daina aiki idan tsamin ciki ya ratsa lomar. Haka batun zafi yake: akwai ƙwayar bakteriya da aka samo a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka wadda enzayim ɗinta yake aiki a sama da digiri 70, kuma da shi ake gwajin PCR, wanda ake ninka ƙwayoyin gado da shi don a gano su. Ina so in yi miki gargaɗi kan wata magana da ake yawan faɗa, cewa zazzaɓi yana "kashe" enzayimomin jiki. Zazzaɓi na digiri 39 ko 40 ba ya warware yawancinsu. Haɗarin gaske yana farawa ne idan zafin jiki ya haura wajen 41 zuwa 42 ya kuma daɗe.

Ko ba zafi, jiki yana da dalilan ƙera sababbi. Enzayimomin narkar da abinci ana zuba su a hanji, kuma su ma furotin ne, ana narkar da su. Na cikin ƙwayar halitta suna tsufa saboda sinadarai masu ɗauke da oksijin suna lahanta su a hankali. Sannan ƙwayar halitta da kanta tana rushe wasu da gangan idan ba ta son aikinsu ya ci gaba. Misalin da zai fi amfanar ki a asibiti shi ne ƙarancin G6PD, enzayim ɗin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga lahani, ƙarancin da ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma ya fi bayyana a maza domin ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom X. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kusan kwana 120, kuma ba su da cibiyar da za su ƙera sabon furotin, don haka abin da suka fito da shi daga ɓargo shi ne guzurinsu. A nau'in da ya fi yawa a yankinmu enzayim ɗin yana aiki, amma siffarsa ba ta da ƙarko, yana lalacewa da wuri. Mutum zai zauna lafiya har ranar da ya sha magani irin su firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, ko jariri ya shaƙi ƙwallon kafur da ake sa wa a cikin tufafi, sai tsofaffin ƙwayoyin su farfashe, fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya.

Idan aka toshe gurbin

Akwai hanya ta uku da enzayim yake daina aiki, ita ce a toshe shi, kuma magunguna da guba da yawa ta nan suke bi. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na ajin oganofosfet suna kai hari kan asetilkolinestarez, wanda aikinsa shi ne share sinadarin da jijiya take aika saƙo da shi zuwa tsoka da zarar saƙon ya isa. Shi ma yana aiki da serin kamar tirifsin. Gubar tana shiga gurbin, serin ya kama ta kamar abin sarrafawa, amma matakin saki ba ya zuwa, sai enzayim ya maƙale a tsakiyar zagayensa. Saƙon jijiya ya yi ta taruwa, shi ya sa za ki ga majinyaci yana dalalar da yawu, yana gumi, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi yana yi masa wuya. Atirofin da ake ba shi ba ya gyara enzayim ɗin, yana toshe wurin da saƙon yake sauka ne. Firalidokzim shi ne yake iya cire gubar daga gurbin, amma sai an ba da shi da wuri.

Asfirin ma toshewa ta dindindin yake yi wa enzayim mai suna saikulo-oksijinez. Tun da ƙwayoyin da ke daskarar da jini ba sa iya ƙera sabo, tasirinsa a kansu yana nan har sai an maye gurbinsu, wato kwana 7 zuwa 10, kuma wannan ne dalilin da likita yake tambayar mai shirin tiyata ko yana shan asfirin. Akwai kuma toshewa ta gasa, inda mai toshewar yake shiga yana fita, wanda ya fi yawa shi yake rinjaye. Da wannan ake jinyar wanda ya sha metanol, wani nau'in barasa mai guba: ana cika gurbin enzayim ɗin hanta da wani abu daban domin kada ya samu damar mayar da metanol guba mai makantarwa, har a fitar da shi daga jiki.

Bayanin da na yi miki yana da iyaka. Yawancin alƙaluman da ke littattafai an auna su ne da tataccen enzayim a cikin ruwa mai tsabta, alhali cikin ƙwayar halitta cunkushe yake da furotin iri-iri, don haka gudun aiki a can yana iya bambanta. Masana kuma har yanzu suna muhawara kan girman rawar da motsin jikin enzayim yake takawa a wajen hanzartawa, bayan riƙon siffar tsakiya. Lissafin Michaelis da Menten ma bai dace da kowane enzayim ba, musamman waɗanda suke da gurbi na biyu na sarrafawa. Fosfofuruktokinez, wanda yake kan hanyar ƙona gulukos, yana da irin wannan gurbin: idan ATP, sinadarin da ƙwayar halitta take ajiye makamashi a cikinsa, ya wadata sai ya zauna a can ya sauya siffar enzayim ɗin aiki ya ragu, idan kuma tsoka ta cinye ATP sai a sake shi ya ci gaba. Abin da na ambata na magunguna kuwa don fahimtar dalili ne, adadi da lokacin bayarwa ki bi ƙa'idar asibiti da umarnin likitan da ke kan majinyacin.